Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Jinyar Autarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƴan uwa da abokan arziki na nan Tahoua, da dangin uwar yara na Keita, da mutanenmu na Yamai da Agadas, har da waɗanda ke ci-rani a Abijan suna bugo waya tsakar dare: an sallamo autarmu, tana gida. Alhamdu lillahi. Saƙonninku sun taru fiye da yadda zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zaɓi in rubuta a wuri guda, in yi godiya, in kuma amsa tambayar da kowa ke yi mini: wai me ya same ta?

Zazzaɓin cizon sauro ne, palu ɗin nan da muke kira ciwon kowa, shi ne ya hau mata ƙwaƙwalwa. Shekararta 4. Ta sha maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, na faɗi haka saboda masu tambaya. Maganin yana rage kamuwa ƙwarai, amma ba ya toshe ƙofar gaba ɗaya. Jiki ya yi zafi, amai ya biyo, kafin gari ya waye sai taune-taune, idanu suka kakkafe, daga nan ba ta ƙara amsa kira ba.

Godiyata ta farko ga ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwarmu. Ya soki yatsarta ya gwada, ya duba sukarin jininta, ya yi mata allurar farko ta artesunat, maganin palu mai tsanani, ya rubuta takardar turawa, duk a tsaye. Bai ce mu zauna a ga abin da hali zai yi ba. Ya ce, "Malam, wannan ta fi ƙarfin nan, ku wuce yanzu." Daga baya likitar babban asibiti ta ce allurar nan da aka yi kafin mu taso ta yi aiki ba kaɗan ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin yara masu tsananin ciwo ba, Allah ya sa kada ya shiga. Gadaje a jere, kowane da uwa zaune a ƙasa ta tallafe haɓa, injin oksijin na ta gurnani, ga wani ɗan abu da ake maƙala wa yaro a yatsa mai nuna lambar yawan oksijin da ke jininsa. Ban san sa'ad da na haddace lambar nan ba. In tana sama da 90 sai in sauke numfashi, in ta gangaro ƙasa sai ka ga ma'aikaciya ta taso da sauri tana gyara robar hanci.

A nan na haɗu da likitar da har in mutu ba zan manta da ita ba, kuma ba don ta kwantar mini da hankali ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Baban yarinya, ba zan rufe ka ba." Ta ce doguwar sumar nan alama ce cewa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a cikin yara 100 masu irin wannan, 15 zuwa 20 ba sa tashi ko da an ba su magani yadda ya kamata. Cikin waɗanda suka tashi ma akwai masu fita da tabo: rauni a hannu ko ƙafa, nauyin baki, matsalar gani ko ji, wasu kuma farfaɗiya daga baya. Ta ce magani zai kashe ƙwayar cutar, amma abin da ke ɗaukar yaro a kwanakin farko sau da yawa shi ne abin da ciwon ya janyo, jini ya ƙare, ko sukari ya faɗi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙoda ta tsaya, don haka kada in yi murna da wuri, kada kuma in yanke ƙauna. A lokacin na ji zafin maganar, har na ce a raina matar nan ba ta da tausayi. Amma kusan duk abin da ta ambata sai da ya zo mana, in ban da na ƙoda, kuma kowanne ya same mu mun riga mun san sunansa. Ni dai a ganina wannan ya fi "babu komai, za ta ji sauƙi" da ake jefa wa iyaye a wuce.

Jini ne ya fara. Awon yawan jininta ya nuna 4, alhali ƙasa da 5 ma ga ƙaramin yaro an shiga babban haɗari. Tafin hannunta fari fat. Lokacin kaka ne, yara masu buƙatar jini sun yi yawa, ma'ajiyar kuma ba ta cika. Nawa bai dace da nata ba, uwarta kuwa ba ta kai nauyin da ake karɓa ba. Ƙanena ya aika saƙo ɗaya a WhatsApp, kafin a yi sallar isha'i samarin fadarsu sun cika ƙofar ɗakin ɗibar jini, da su da ƴan kabu-kabu biyu da ko sunansu ban sani ba, sun ajiye babura a lokacin da ake samun fasinja. An gwada, an tace, aka samu wanda ya dace, sauran suka bar nasu don ƴaƴan wasu. Ɗaya daga cikinsu da na bi shi da kuɗin mai sai ya ɓata rai ya ce, "Haba Baba, jini ake saya?" Yaran nan da muke zagi da zaman shan shayi, su ne suka tsaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku.

Sai batun ɗibar ruwan ƙashin baya. Likitoci sun so su tabbatar ba sanƙarau ba ne, domin alamunsu kan yi kama, mu kuma ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke yawo. Tun ranar farko an haɗa mata da maganinsa, aka jira jikinta ya ɗan daidaita kafin a ɗiba. Mahaifiyata ta ce ba da ita ba, ai allurar baya ita ke gurgunta yara. Maganar nan ta yaɗu a cikinmu, kuma na gane inda ta samo asali: yaron da ake yi wa wannan awo dama ciwonsa mai tsanani ne, in ya fita da shanyewar ƙafa sai a ɗora wa allura laifin ciwo. Wani matashin likita ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Inna, in jikata ce ni ma zan yarda a yi." Ta kalle shi ta ce yaushe ya yi ɗa balle jika, aka yi dariya, ta amince. Ruwan ya fito garau, ba sanƙarau.

Majo mai kula da ɗakin ita ma tana da nata kaso. Inna ta zo da rubutu a ƴar kwalba daga wurin malamin gidanmu, ta faki ido za ta ɗura wa yarinya a baki. Majo ta riƙe hannunta a hankali, ba tsawa ba wulaƙanci, ta ce, "Inna, shafa mata a goshi da ƙirji da ƙafafu, Allah yana ji ta ko'ina. Amma ko ɗigo kada ya shiga bakinta, wanda ya suma ba ya haɗiya, huhu zai tafi." Haka aka yi. Abinci ma ta siririyar roba ake zuba mata, ta hanci zuwa ciki, da sirinji, kaɗan-kaɗan. Da ma'aikatan lafiya duka sun iya magana da tsofaffinmu haka, da an rage masu sace yaro daga gadon asibiti cikin dare.

Duk da haka huhun bai tsira ba. Aman da ta yi lokacin taune-taune tun a gida ya riga ya gangara, bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya dawo, haƙarƙari na shiga yana fita, aka sake magani, aka ƙara oksijin. A daren da ya fi kowanne tsanani sukarinta ya faɗi, ma'aikaciyar dare ce ta lura da gumi mai sanyi da ya keto mata, ta gwada, ta tura ruwan sukari ta jijiya. A wannan daren kuma wuta ta ɗauke. Injinan nan da wuta suke aiki, sai ɗakin ya yi tsit, iyaye mata suka ɗauki salati. Akwai wani dattijo mai kula da janareto, ban taɓa jin wani ya gode masa ba. Na gan shi a guje da tocila a baki, takalmi ƙafa ɗaya, kafin mu gama ruɗewa injina sun dawo da kukansu. Baba, in wani ya karanta maka wannan, ka sani akwai gidan da ake sa ka a addu'a.

Ba kowa ne ya fita da nasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijar cikin ƙasashe 4, tare da Najeriya da Kwango da Tanzaniya, da ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen wannan ciwo a duniya, kuma mafi yawan masu mutuwar yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. A ɗakin nan lissafin yana da fuska. Gadon da ke kusa da namu na ɗan wata baiwar Allah ne daga wajen Abalak, Hausarta kaɗan ce, sun yi doguwar tafiya kafin su iso, ga tamowa ta riga ta cinye yaron. Ita ke riƙe wa matata robar ƙarin ruwa in za ta yi salla. Yaron ya cika da asuba. Da za ta tafi sai ta bar wa matata tabarmarta da butar shayi. Ina roƙon duk wanda ya taya mu murna ya yi wa wannan yaro da iyayensa addu'a, Allah ya sa mai ceto ne.

Farfaɗowar autarmu ba ta zo farat ɗaya ba. Da farko in an matsa farcenta sai ta janye hannu, daga baya ta yi kuka, kukan da uwarta ta yi sujada a kansa. Ta buɗe ido amma ba ta bin kowa da kallo, sai da aka ɗauki kwanaki kafin ta gane mu. Zan faɗa muku halin da ake ciki tsakani da Allah, domin na ji ana cewa ta warke sarai. Tana ci, tana gani, tana dariya. Hannunta na hagu bai da ƙarfi, tana jan ƙafa in ta gaji, maganar da take zubawa da can yanzu kalma-kalma take fitowa. Masu motsa gaɓoɓi sun ce yara kan farfaɗo fiye da manya, da yawa rauninsu kan ragu cikin watanni, amma ba su yi mana alkawari ba, mu ma ba mu nema ba. An kuma gargaɗe mu cewa watannin farko bayan sallama suna da nasu haɗari ga yaron da aka yi wa ƙarin jini, kuma jini kan iya sake raguwa mako 1 zuwa 3 bayan allurar artesunat, don haka muna komawa awo a kan lokaci. Fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko jijjiga ta dawo, an ce mu taho ko ƙarfe nawa ne.

Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kuma mun ga amfanin haka. Sai dai wanda ya yi jinya ya san akwai takardar maganin da za ka bi kantin magani da ita, ga kuɗin mota, ga ciyar da masu jinya, ga sana'a ta tsaya. Matan adashen unguwa sun sauya layi suka ba uwar yara ɗauka ba lokacinta ba. Abokan aikina sun yi karo-karo. Maƙwabciyarmu ta riƙe manyan yaran, ta kai su makaranta, ta yi musu kitso da wanki kamar nata. Yayana da ƴaƴansa sun yanke mini hatsi suka ɗaure suka kai rumbu ban taka gonar ba. Surukaina sun taso daga Keita da fura da kilishi. Liman da jama'ar masallacinmu sun yi ta addu'a bayan kowace salla. Masu shara da masu gadin ƙofa da suka riƙa yi mana sannu, ku ma kuna ciki. Matata kuwa, wadda ta kwana a siminti har ƙafafunta suka kumbura, godiyarta ba ta Facebook ba ce, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Masu tambayar lambar da za su turo taimako, Allah ya saka, an rufa mana asiri. Wanda ke da niyya, in ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana da lafiya, ya je wurin ba da jini mafi kusa da shi ya bayar, a Tahoua yake ko a Yamai, yanzu haka akwai yaran da ke jira. Masu son zuwa dubiya kuma ƙofa a buɗe take bayan la'asar, da safe muna wurin motsa gaɓoɓi. Mai mura ko tari ya dakata tukuna har ya warke, huhunta bai gama murmurewa ba. Don Allah kuma kada a tsare ta da "faɗi kaza, kira sunana", tana jin kunya in kalmar ta ƙi fita.

Allah ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.
Baban auta, a madadin iyalai duka, Tahoua.