Mu Masu Kallo Ma Muna Bukatar Taronmu a Kaduna

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo washegarin ranar da Arewa24 ta haska sabon shirin Labarina ko Kwana Casa'in, ya san cewa masu kallo a garin nan ba su ɗauki wasan kwaikwayo da wasa ba. Za ka ga magidanci ya ajiye kofinsa har shayin ya huce, yana ta kafa hujja cewa marubucin shirin bai yi wa wata jaruma adalci ba, na kusa da shi kuma yana tuna masa abin da ta aikata tun a zangon farko. Ina cikin waɗannan mutane, kuma ina alfahari da hakan, domin wanda ya riƙe labari a ransa har haka ya cancanci a saurare shi.

Wannan ƙauna ba sabuwa ba ce a wurinmu. Tun a 1962 aka fara watsa shirye-shiryen talabijin a Kaduna, shekaru kafin a kafa NTA a 1977, kuma daga nan ne Usman Baba Pategi ya sa Arewa baki ɗaya dariya da Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki da tsawarsa irin ta soja. A lokacin, gidan da ke da talabijin shi ne gidan unguwa, yara su cika tabarma, manya su tsaya daga bakin ƙofa. Ƙasimu Yero, wani fitaccen ɗan wasan kwaikwayon talabijin, ya rasu a 2017, Samanja kuma a 2023, Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da ke damuna shi ne, mu da muka tashi da muryoyinsu ba mu da wani taro na shekara-shekara da za mu zauna da irin waɗannan dattawa, mu yi musu tambayoyi, mu gode musu ido da ido tun suna raye.

A wasu ƙasashe masu kallo sun daɗe da yi wa kansu wannan gata. Taron Comic-Con na birnin San Diego a Amurka, inda masoya littattafan zane da fina-finai ke haɗuwa, ya fara ne a 1970 da 'yan ɗaruruwan mutane, yanzu kuwa fiye da mutum 100,000 ke halartarsa, wasu ma sanye da tufafin jaruman da suke so. Legas ta fara nata a 2012.

Sai dai abin da ya fi burge ni game da masoya shi ne yadda suke adana tarihi. BBC ta goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryen wasan kwaikwayonta na talabijin mai suna Doctor Who masu yawa, amma sautinsu bai salwanta ba, saboda akwai masu kallon da suka riƙa naɗar muryar a gida da rikoda lokacin da ake haskawa. A 2013 kuma aka sanar da gano shirye-shirye 9 daga cikin waɗanda suka ɓata, kuma a Jos aka same su, nan maƙwabtanmu. Tun da na ji wannan labari nake tunanin kaset ɗin bidiyo da ke jibge cikin kwali a ƙarƙashin gadajen iyayenmu a Unguwar Rimi da Rigasa, waɗanda wataƙila suna ɗauke da wasannin da babu su a ko'ina.

Kaduna ba baƙuwar taro ba ce, tunda ta fara karɓar bikin littattafai na KABAFEST a 2017. Burina shi ne a samu yini biyu a shekara na masu kallo zalla, a tanadi wurin zama na mata da na iyali, a gayyato marubuta da daraktoci su amsa tambayoyin jama'a, sannan a ware teburi guda inda duk mai tsohon kaset zai kawo a juya masa shi zuwa kwamfuta, a mayar masa da kayansa. Da safe a haska tsofaffin wasanni ga yaran da a waya kawai suka san kallo, da yamma kuma a ba dattawan da suka rage kujera da makirufo su faɗi yadda suka yi aikin da bakinsu.