Maganin Ciwo da Ƙodar Mage: Yadda Muke Aiki a Asibitinmu

Asibitin dabbobinmu ƙarami ne, a cikin Kano. Da farko tumakin kiwo da kaji ne suka fi kawo mu ga jama'a, amma yanzu maguna sun kusa ƙwace wurin, daga magen gida mai kamun ɓera har zuwa masu dogon gashin nan da ake saya da tsada. Ciwon da na fi ba wa ƙarfi a kansu shi ne na ƙoda da mafitsara, kuma a nan ne nake alfahari da aikinmu, domin wuri ne da maganin rage raɗaɗi ke iya zama ajalin dabba.

Mai mage ya ga tana kuka wajen fitsari, tausayi ya kama shi, sai ya ɓare farasitamol ya ɗura mata. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa wannan magani kamar yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage: jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Akwai makarinsa, muna ajiye shi kullum, amma sai an zo da wuri yake amfani. Ibufurofen da dikulofenak kuwa ƙodar suke nufa kai tsaye. Dikulofenak ɗin nan da ake yi wa shanu shi ne ya kusa ƙarar da ungulaye a Indiya ta hanyar lalata musu ƙoda, har gwamnatin ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

A Zariya na yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma galibin abin da hannunmu ya saba da shi a lokacin shanu ne da awaki. Mage a wajen wani dattijon likita na koye ta bayan na gama. Mutum ne mai haƙuri da dabba. Yakan ce mini, "Yarinya, kafin ki taɓa sirinji, taɓa mara." Ya kama hannuna ya ɗora a ƙasan cikin muzuru har na iya bambance mafitsara mai laushi da wadda ta toshe ta yi tauri kamar ɗanyen lemo. Shi ya koya mini naɗe mage a tawul ba tare da ta firgita ba, da ɗaga fatar wuya a ga ko ruwan jiki ya ƙare, da shinshina bakinta, don idan ƙoda ta gaza warin bakin ma daban yake. Allah ya jiƙansa. Duk yaron da na ɗauka aiki, sai ya iya waɗannan kafin in bar shi ya kusanci kabad ɗin magani.

Toshewar fitsari muzurai ta fi kamawa, saboda hanyar fitsarinsu doguwa ce kuma matsattsiya. Za ka ga yana ta tsugunne-tsugunne ba abin da ke fita, yana lasar gabansa, mutane su zaci cushewar ciki ce. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya dagula bugun zuciya. Irin wannan muzuru yana cikin azaba, dole a rage masa, amma ba ma ba shi meloksikam ko danginsa a wannan hali. Waɗannan magunguna suna hana jiki samar da wani sinadari da ke buɗe jijiyoyin jinin ƙoda, alhali ƙodar da ta galabaita da shi ta dogara. Abin da muke yi shi ne mu ba shi bufurenofin, wani maganin rage raɗaɗi na daban, mu sa masa ƙarin ruwa, mu kwantar da shi da maganin barci gwargwadon ƙarfinsa, sannan mu zura siririyar roba mu buɗe hanya a hankali, mu wanke mafitsara har ruwan ya fito garau. Wannan zura robar aikin hannu ne da ba a yi masa gaggawa. Wanda ya tura da ƙarfi ya yaga hanyar.

Meloksikam ba mugun magani ba ne, ina amfani da shi, musamman ga tsohuwar mage mai ciwon gaɓoɓi. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kwalinsa cewa maimaita shi ga mage na iya jawo gazawar ƙoda da mutuwa, yayin da a Turai aka amince a bayar da shi na tsawon lokaci a ƙaramin awo. Ni abin da na riƙe shi ne sharuɗɗa: mage tana ci, tana sha, ba amai, ba gudawa, kuma mun ga sakamakon gwajin jini da na fitsari. Ranar da ta ƙi abinci, a dakatar a kira mu. Gabafentin ma, wani maganin ciwon da muke ba su, tunda ta ƙoda yake fita, rage awonsa muke yi ga mai raunin ƙoda.

A kan gwajin nan ne ake yawan ja-in-ja da ni. "Likita, ki yi mata allura kawai, mene ne na ɗibar jini?" Mutum ya sayi mage da kuɗi masu yawa, amma ya tsaya ciniki a kan gwajin da zai nuna ko ƙodarta za ta ɗauki magani. Nakan ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hannuna ba zai yi allurar da ban san inda za ta sauka ba." Wasu su tafi wajen masu sayar da maganin dabbobi a kasuwa, su kuma su zuƙo daga kwalbar shanu. Meloksikam na shanu miligiram 20 ne a kowane mililita, na ruwan da aka yi domin mage rabin miligiram ne. Mage mai kilo 3 abin da take buƙata daga kwalbar shanu bai kai ɗigo ba, ba sirinjin kasuwa da zai auna shi. Bayan kwanaki a dawo mana da ita tana amai, fitsari ya ɗauke, a ce mu yi abin da za mu iya. Wannan abu yana ƙona mini rai ƙwarai.

Masu kawo mana kaya ma sai da ido. Ka yi odar meloksikam na mage, a kawo maka na kare wanda ya ninka shi uku a ƙarfi, a ce ai duk ɗaya ne. Nakan duba lambar NAFDAC, da ranar ƙarewa, da ƙarfin da aka rubuta, kwalba bayan kwalba, abin da bai yi mini ba ya koma inda ya fito. Kowace mage sai ta hau sikeli kafin a rubuta mata komai, kuma mai ita ba ya fita sai na sa alama a jikin sirinji, ya zuƙa a gabana na gani.

Idan za ku kawo mana mage, ku haɗo da duk abin da aka riga aka ba ta, ko da fankon kwali ne, ku kuma faɗa mana yaushe ta yi fitsari na ƙarshe. Muzurun da ya wuni bai yi fitsari ba, kada a jira gari ya waye, ko da dare ne muna buɗe masa ƙofa.