Laraba a bakin burtali

Ko karin kumallo ban yi ba dagaci ya aiko yaro a kan babur, wai in hanzarta, shanu sun faɗa wata gonar wake cikin dare, kwamitin sulhu kuma zai zauna a gonar kafin rana ta take. Ni ne malamin gona na yankin nan, saboda haka duk ɓarnar da aka yi ni ake kira in ƙiyasta. Aiki ne mai nauyi a zuciya, amma gara a kira ni da safe da a kira motar asibiti da yamma.

Na tarar an riga an hallara a gindin wata tsamiya: dagaci, Arɗo, wakilin ƙaramar hukuma, shugaban ƙungiyar manoma, liman da ɗan sanda guda. Mai gonar dattijo ne, sa'ar mahaifina, yana tsaye da sanda, bakinsa na rawa. Yaron da ke kiwon kuwa bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya raɓe a bayan Arɗo, kansa a ƙasa.

Na shiga gonar ina bin kunya kunya. Sawun kofato ya fito raɗau a kan rairayi saboda raɓa, kashin shanun ma bai bushe ba, babu mai musun cewa jiya aka shiga. Gefen gabas an kwashe shi tas, har harawar ba a bari ba, abin da ya rage an tattake shi. Sai dai da na matsa yamma na ɓare 'yan kwanso, na ga ƙwayar duk huji, tsutsa ta riga shanu. Dole na faɗa a gaban kowa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na gabas shanu ne, na yamma kuwa tsutsa ce, ba zan haɗa su a lissafi ɗaya ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, faɗi abin da ka gani." Na ji kunyarsa ƙwarai, domin waken nan shi ne kuɗin makarantar jikokinsa. Aka tsayar da diyya buhu biyu na wake da kuɗin harawa, Arɗo ya ɗauki nauyi, za a kawo gidan dagaci ranar Juma'a bayan an dawo daga kasuwar Maigatari ta Alhamis.

Har liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarna mun yi, biya kuma za mu yi. Amma ina roƙo a taka a ga inda aka bar mana mu bi."

Muka taka. Burtalin da ina yaro garke biyu ke wucewa ba su gogi juna ba, yau a wani wurin amalanke ma da ƙyar za ta ratsa. Kututturan tsohuwar aguwar da kakanni suka dasa don shaidar iyaka na nan, amma yanzu a tsakiyar dawa suke, an nome gaba da bayansu. Kowa ya ci kunya biyu bana, ya ƙara ɗaya baɗi, har hanyar zuwa mashaya ta shaƙe. Saniyar da ta kwana da ƙishi, aka ce ta bi ta wannan lungu da wake kore hagu da dama, yaro ɗaya da sanda ba zai iya tsare ta ba. Duk wanda ke wurin ya san haka, shi ya sa aka yi shiru.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filin jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Makiyayan da ke gangarowa daga Nijar bayan kaka su ma an yi musu tsarin ECOWAS a 1998, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar, wanda ya ce su riƙe takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, su bi hanyoyin da aka ware. Nan Jigawa kuma, wadda aka cire daga Kano a 1991, muna da hukumar manoma da makiyaya a Dutse, kuma irin zaman da muka yi yau shi ne abin da aka kafa ta dominsa. Mutane sun fi sanin JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, da JASCO, kamfanin samar da kayan noma na jiha, saboda iri da taki da maganin feshi, ni ma da su nake hulɗa kullum, amma a ganina aikin sulhun nan ya fi kusa da rayukan jama'a.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Kwamitinmu sai an yi ɓarna yake zama, alhali da bazara ya kamata a fito, kafin ruwan shuka, a bi burtali da igiyar awo, a kafa siminti, a sake dasa aguwa. In mutum ya riga ya zuba iri da taki, ka ce ya tuge, ka nemi rigima. Ga shi kuma tsohuwar ma'amala ta mutu. Da can manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har a ba shi damin gero. Yanzu kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, takin zamani na buhu, babu wanda ke jin yana bukatar ɗan'uwansa.

An tsayar cewa da zarar an yanke dawa za a dawo a auna burtalin daga bakin hanya har mashaya. Gonar da ta fi cin hanyar ta wani babban mutum ce da ke zaune a birni, na ga dagaci ya yi jim da aka zo kanta. Bayan la'asar na rubuta rahotona, na jera gonakin duka da yawan kunyar da kowace ta shiga, tasa ce ta farko domin ita ce mafi girma. Gobe da safe zan kai wa wakilin ƙaramar hukuma kwafi ɗaya, Arɗo da shugaban manoma su ma kowa zai samu nasa.