Kafin ku shafa wa jan bulo maganin ruwa

Ƙannena masu shirin gina gida ko gyara na gado, jan bulo yana da kyawun da bulon siminti ba shi da shi, shi ya sa mutane da yawa suke barinsa a fili babu filasta. Sai dai bulon da aka gasa cike yake da ƙananan kafofin da ido ba ya gani, yana shan ruwa idan an yi ruwan sama, yana fitar da shi a hankali idan rana ta fito. Rashin fahimtar wannan shiga da fita ne ya jawo mini asarar da ba na so ku maimaita.

Na shafa wa bangon gidana banish mai ƙyalli a watan Satumba, lokacin da bulon yake riƙe da ruwan marka, domin ina ɗokin ganin jansa ya fito. Ya fito kuwa, amma kafin hunturu ya wuce sai fatar banish ɗin ta yi fari fat, ta kumbura, ta fara ɓarewa tana tafiya da fuskar bulon. Dalilin shi ne irin wannan shafi, da shi da fentin roba mai kauri da ake kira akirilik, suna kwanciya ne a saman bango kamar leda, sai danshin da ke ciki ya rasa mafita. Gishirin da ruwa ya narkar daga bulo da kwaɓin siminti sai ya taru a ƙarƙashin fatar, yana daskarewa yana tura ta waje har bulon ya soma marmashewa. Kankare wannan shafi ya fi shafa shi wahala da tsada, kuma bulon da fuskarsa ta zube ba ya komawa yadda yake.

Abin da ya dace da bangon waje shi ne maganin da ke nutsewa cikin bulo, wanda ake haɗawa da sinadaran silan da siloksan. Shi ba ya toshe kafofin, yana sa su ƙi karɓar ruwa ne kawai, don haka ruwan sama yana gangarewa, tururin da ke ciki kuma yana fita. Ba ya ƙyalli, kuma a ganina hakan ya fi, domin kyawun jan bulo yana cikin launinsa na asali idan yana da tsabta.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, wato ban nemi inda ruwan yake shiga ba. Indararon da ke saman bangon ya tsage, kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zaizaye a wurare da dama, ƙasar tsakar gida kuma ta gangaro wajen gindin ginin. Maganin da ake shafa wa bulo ba ya rufe babbar tsaga, ba ya kuma hana danshin da ke hawowa daga fandisho. Maginanmu na dā sun san haka: kafin su shafe gini da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina, sai sun gyara indararo sun cike tsagogi, kuma suna yin aikin ne kafin damina ta faɗi. Saboda haka ku kira birkila ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓi ya sake cikewa, sannan ku ba sabon aikin kwana 28 ya bushe sosai.

Farin gishirin da ke fitowa a kan bulo ku goge shi da busasshen buroshi mai tauri, domin wanke shi da ruwa yana mayar da shi ciki ne. Idan kuna shakkar ko bangon ya bushe, ku manna masa leda ta kwana ɗaya. Idan ta yi gumi, lokacin shafi bai yi ba. A ƙasar Hausa ƙarshen hunturu ya fi dacewa, da sassafe ko da yamma, domin bango mai zafi yana busar da maganin kafin ya nutse, amma ku share ƙura tukuna. Ku rufe gilashin taga da shuke-shuke, ku gwada a wani lungu, sannan ku fesa da famfon feshi mai tsabta daga ƙasa zuwa sama, ku ƙara zagaye na biyu tun na farko bai bushe ba.

Kowace shekara kafin damina ku watsa wa bangon ruwa ku duba. Idan ruwan ya dunƙule ya gangara, maganin yana nan. Idan bulon ya yi duhu ya shanye, sai a sabunta. Ku fara dubawa daga bangon gabas, domin ta nan hadari ya fi tasowa, kuma shi ne ya fi shan dukan ruwa.