Sati shida cikin rigar matsi bayan tiyatar tumbi

Bayan haihuwata ta biyar cikina bai koma ba. Naman ciki ya rabu a tsakiya, idan na kwanta rigingine na ɗaga kai sai yatsuna uku su shige tsakani, fatar kuma ta zubo har ta rufe tsohon tabon tiyatar haihuwa. Ciwon baya ya ishe ni. Shi ya sa na yarda aka yi mini aiki a wani asibiti a Abuja, aka yanke fatar da ta yi yawa, aka ɗinke naman ya haɗe. Da na farfaɗo sai na tsinci kaina cikin wata riga mai roba, daga ƙarƙashin ƙirji har cinya, da layi uku na ƙananan ƙugiyoyi a gaba, an kuma bar mata kafa a ƙasa saboda shiga banɗaki. Siraran robobi biyu na fitowa kusa da ɗinkin, suna janyo ruwa mai jini-jini zuwa cikin 'yan kwalabe.

Likita ya ce in zauna cikinta dare da rana har sati shida, wanka kaɗai zai raba mu. A irin wannan aiki ɗaga fatar ciki ake yi daga jikin nama, sai a bar fili tsakaninsu inda ruwa ke son taruwa. Rigar ce ke riƙe fatar a jikin naman har su kama juna, ta rage kumburi, ta kuma tallafe ɗinkin idan tari ko atishawa ya zo.

Na koma Kano a watan Afrilu, da kwana goma da yin aikin. Gwaggona, wadda ta yi mini wankan jego a duk haihuwata, ta zo duba ni. Ta zura hannu ƙarƙashin rigar ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba ɗauri ba ne. Mu da zani ake tamke mana ciki sai mun ji a numfashi." Da ƙauna ta faɗa, ni ma kuma ina ɗokin ganin ciki ya lafe. A daren na mayar da ƙugiyoyin layin ƙarshe.

Kwana uku na yi a haka. Numfashina ya koma sama-sama, loma kaɗan sai ƙwannafi, ƙafafuna suka ɗan tasa. Idan na zauna rigar kan naɗe a ƙugu, naɗin ya nutse cikin fata, amma ban ji komai ba, domin daga cibiya zuwa ƙasa fatar a mace take tun da aka yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai mata ji. Ranar da ƙanwata ta haska mini da fitilar waya, sai ga wani layi ja mai duhu, da bororo kamar kan babban yatsa dab da ɗinkin. Jikina ya yi sanyi.

Nas ɗin da na tura wa hoto ta kira nan take. "Hajiya, don Allah ki sassauta yanzu-yanzu." Ta ce jinin da ke isa wannan fatar dama kaɗan ne bayan aikin, matsi mai yawa na iya kashe ta gaba ɗaya. Yana kuma rage gudun jinin da ke dawowa daga ƙafafu, abin da kan jawo gudan jini a jijiya, wanda idan ya tafi huhu yana kisa. Ma'aunin da ta ba ni shi ne tafin hannuna ya shiga ƙarƙashin rigar ba da kokawa ba, in kuma iya cika ƙirjina da iska.

Daga nan na fara sa farar singileti ta auduga a ciki, da falle na soso mai laushi a ƙugu don kada rigar ta naɗe. Na sayi ta biyu, domin a zafin da ke kai digiri 40, musamman in an ɗauke wuta, riga ɗaya ba ta kai yamma ba ta jiƙe, ga ƙurajen zafi. Da ruwan sanyi ake wanke ta da hannu a shanya a inuwa, rana na kashe robar. A kwance nake ɗaura ta. Cire ta kuma a zaune, a hankali, don ran farko da na ɓalle ta a tsaye jiri ya kusa kayar da ni. Salla a kan kujera na yi ta kusan wata guda.

Bororon ya ɗauki sati uku ana wanke shi kafin ya rufe, ya bar tabo baƙi wanda har yau yana nan. A sati na huɗu kumburi ya sauka har rigar ta yi mini yawa, likita da kansa ya ce in koma ƙarama. Da Gwaggo ta ga ciwon, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta karɓi aikin duba mini fatar kowace safiya, da tabaranta a hanci, tana bin ɗinkin daga wannan ƙugu zuwa wancan.