Sai da na yanka ƙugunsa sannan ya fara gudu

Wata uku kenan ina fama da wasu sojojin roba guda goma na Warhammer 40,000, Space Marines, wato mayaƙan sararin samaniya masu sulke, tsoffin yayi da na saya na hannu wajen wani a kulob ɗinmu na nan Nottingham. Ga wanda bai san harkar ba, yaƙi ne ake yi a kan tebur da 'yan mutum-mutumi da ba su kai tsayin babban yatsa ba, da dayis da tef ɗin awo, kamfanin Games Workshop ne ya fito da shi a 1987 kuma hedikwatarsu a garin nan take. Kai za ka harhaɗa abinka kai za ka yi musu fenti.

Abin da ya dame ni da su, duk goman tsayuwarsu ɗaya, ƙafa a ware, bindiga a ƙirji, kamar masu jiran fareti, alhali wai a tsakiyar fagen fama suke wuta na tashi ta ko'ina. Raina ya ƙi yarda gaskiya.

Na farkon hannu kawai na cire na sauya da mai riƙe da takobi na ɗaga shi sama na manne, da ya bushe na ajiye shi na ja baya na kalla, babu rai a jikinsa ko kaɗan, hannu na sara amma sauran jiki bai ma san ana yi ba. Na kwana biyu ina tunanin inda matsalar take, ashe amsar na cikin bidiyon damben gargajiya da nake kallo a YouTube in kewar gida ta taso. Na riƙa tsayar da bidiyon daidai lokacin da ɗan dambe zai kai duka. Ku gwada ku gani, hannun da aka naɗe da zare shi ne na ƙarshen motsawa, diddigen baya ya riga ya ɗaga, kwankwaso ya juya, kafaɗa ta biyo, kai kuma yana kan abokin karawa bai kauce ba. Daga ƙasa ƙarfin ke tasowa.

To na biyun sai na fara daga ƙugu. Na sa ɗan siririn zarto na raba shi biyu, na juya ƙirjin kaɗan, kaɗan fa, abu ne ƙarami in ka zarce sai ya koma kamar wanda ya karye. Ƙafar baya na yanka ta bayan gwiwa na cire wani ɗan yanki mai kusurwa uku don ta lanƙwashe, na sake yankawa a idon sawu don yatsu su taɓa ƙasa diddige na sama. Kafin gam ya shigo maganar sai da na liƙa komai da Blu Tack, wani danƙo da ake liƙawa a sake cirewa, ina jujjuya shi a gaban fitila, ta gaba ta baya ta gefe, don tsayuwar da ta yi kyau ta gaba sau da yawa ta gefe faɗuwa take yi.

Tunda a kan ƙafa ɗaya zai tsaya dole a sa masa ƙarfe. Na huda da ɗan abin huji na hannu mai bakin milimita 1, na yanko wayar kilif ɗin takarda na zura daga tafin ƙafa har cikin faifan da yake tsaye a kai, na ɗiga sufa gulu. Gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin narkar da roba yake ya haɗe ta da 'yar'uwarta, ba ruwansa da waya.

Sai cike gurbi, nan ne na fi daɗewa kuma nan na fi jin daɗi. Green Stuff, abin da ake cike gurbin da shi, zuwa yake kamar cingam, rabi shuɗi rabi ruwan ɗorawa, ka yanke tsakiyar inda suka haɗu ka yar don ya riga ya ƙandare, sauran ka yi ta murzawa har ya koma kore tas. In ka bar shi kamar minti ashirin danƙonsa na raguwa. Na jiƙa tsinken sakace da ruwa na tura shi bayan gwiwar, sannan na sa bayan reza na zana layi-layi guda huɗu irin na roban da ke gaɓoɓin sulkensu, na bar shi ya kwana. Da safe da na shafa fentin farko ni kaina sai da na nemi inda na yanka.

Abu ɗaya dai, kar a durƙusar da soja ƙasa sosai ko a ɗora shi kan tulin dutse, a wasan ana sunkuyawa ne a duba wa ke hango wa, in tsayin ya canja da yawa abokin wasa zai ga kamar wayo aka yi masa, kuma yana da gaskiya.

Yanzu shida sun kammala. Na bakwai so nake ya zama yana waiwaye yana kiran na baya da hannu, har na yanke wuyan jiya da daddare, wayar ce ta ƙare sai na shiga gari ranar Asabar.