Abin da na gano a cikin Yarjejeniya ta 149

Na daɗe ina aikin jinya kafin in san cewa gajiyar da nake ɗauka wani ɓangare ne na sana'ar, tuni aka zauna aka yi mata iyaka a rubuce. Sai da na koma ƙaro karatu aka ba mu aikin nazarin Yarjejeniya ta 149 kan ma'aikatan jinya, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Jeniba a shekarar 1977, bayan ta yi aikin tsara ta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ta fara aiki a 1979.

Sashe na 6 ya ce kada yanayin aikin ma'aikatan jinya ya gaza na sauran ma'aikatan ƙasarsu ta fuskar sa'o'in aiki, da hutun mako, da hutun shekara mai albashi, da hutun ƙaro ilimi, da na haihuwa, da na rashin lafiya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Shawara ta 157, wadda aka fitar tare da yarjejeniyar. A can aka ce aikin yini kada ya wuce sa'o'i 8, ko da an haɗa da ƙarin lokaci kada ya haura 12, kuma wanda ya sauka daga aiki ya samu aƙalla sa'o'i 12 yana hutawa kafin ya sake karɓa. Hutun mako kuwa kada ya gaza sa'o'i 36 a jere.

Da na karanta wannan, sai na tuna wani dare da na wuce da aiki saboda wadda za ta karɓe ni ba ta samu zuwa ba. Wajen asuba na ɗauko maganin wani majinyaci na nufi gadon wani, Allah ya kiyaye na sake duba sunan da ke kan takarda kafin in ba shi. A lokacin kaina na zarga da sakaci. Yanzu na fahimci cewa idon da ya kwana biyu bai runtsa ba dole ya yi kuskure, kuma majinyaci ne kuskuren zai faɗa wa, don haka hutun nas kariya ce ga wanda ke kwance.

Sai dai yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta amince da ita a hukumance, Shawarar kuwa jagora ce kawai. Duk da haka Sashe na 5 ya tanadi a riƙa damawa da ma'aikatan jinya wajen tsara aikinsu, a kuma daidaita sharuɗɗan aiki ta hanyar tattaunawa. Da wannan sashen na dogara ranar da na nemi shugabar ɗakinmu ta bari mu duba jadawalin aikin dare tare kafin a liƙa shi, ta kuwa amince.